Jere da Farin Bango

A watan Janairun shekarar 1851 ne matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya sauka a Tasawa bayan ya ƙetare Sahara ya ratso ta Azbin. Ita ce babbar alkarya ta farko da ya gani a ƙasar Hausa, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa, kamar yadda ya rubuta daga baya, shi ne fasalin gidajen jama'a: darnin kara mai tsare gida daga idon mai wucewa, da rumfa mai sanyi kusa da ƙofa inda ake karɓar baƙo, da ɗakunan kara da na laka masu rufin shibci, ga inuwar itatuwa, ga yara da awaki da kaji da tantabaru suna ta kai da kawo a tsakar gida. Ya ga alamun mutane masu jin daɗin zamansu. Sai dai kuma baƙo namiji, bisa al'ada, iyakarsa rumfa ko zaure, alhali kuwa ainihin adon gidan Bahaushe yana can ciki, bayan asabari, a ɗakin matar gida.

A ƙasar Hausa gida na miji ne, amma ɗaki na mace ne. Miji ya gina bango ya yi rufi, iyayen amarya su cika ciki. Kwana ɗaya ko biyu kafin a kai amarya, goggonninta da innoninta da yayyenta mata sukan je su share ɗakin, su shafe bango, su kafa gado, sa'an nan su jera kwanuka tun daga ƙasa har kusa da rufi, babba a ƙasa, ƙarami a sama, kowane da murfinsa. Wannan aiki shi ake kira jere. Duk abin da aka jera mallakar amarya ne. Miji ba ya da ikon sayar da ko cokali ɗaya daga ciki, in kuwa aure ya mutu, da kayanta za ta fita ta bar masa bangonsa.

Kayan jeren sun sha sauya kama. A zamanin kakanni ƙorai ne, an kankare su fari fat, an yi masu zane da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi, wasu a rataye bisa ragaya, wasu an rufe su da faya-fayai masu launi. Sai akussa baƙaƙe na tuwon maigida, da tasoshi ga masu hali. Daga baya kwanukan ƙarfe masu fenti da furanni suka shigo, da farko daga Turai, sa'an nan daga Hongkong, har ƴan kasuwar can suka kafa masana'antunsu a Ikko da Kano tun wajen shekarun 1960. Langa da kwalla da fanteka suka biyo hanyar Katsina da Jibiya da Maraɗi suka cika kasuwannin Tasawa da Mayahi, suka kori ƙwarya daga bango zuwa madafa. Su ma ba su dawwama ba: samira ta zo, tangaran ya zo, kulolin Sin da na Dubai suka zo. Haka gadon kara ya ba gadon ƙarfe mai rumfa wuri, shi kuma ya ba na fomika, kwanuka suka sauko daga bango suka shiga kabad mai gilashi.

Abin da bai sauya ba shi ne maganar da jeren ke yi. Barbara Cooper, masaniyar tarihi ƴar Amurka wadda ta yi bincike a Maraɗi ta kuma fitar da littafi kan aure a wannan yanki a 1997, ta nuna cewa kayan da dangin amarya ke kaiwa amsa ce ga dukiyar da ango ya bayar, wato shaida ce cewa yarinyar nan ba sayen ta aka yi ba, tana da mutane a bayanta. Mata kuwa ba sa bukatar littafi kafin su san haka. Ranar ganin ɗaki, da kallo ɗaya dattijuwa za ta karanta bango, ta gane ƙoƙarin uwa, da yawan ƙawayen bikinta, da ƙarfin dangin uba.

Akwai wata mata a Tasawa, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wadda ta fara tara wa ƴarta ta fari kayan ɗaki tun yarinyar tana firamare. In ciniki ya yi kyau ta sayi kwano, in ta ɗauki adashi ta sayi tangaran, ta zuba a kwali ta tura ƙarƙashin gado. Yarinyar ta yi karatun ungozoma a Maraɗi, aka tura ta aiki wata ƙaramar asibiti a ƙasar Mayahi, wani malamin makaranta ya fito neman aurenta, aka sa rana. Da yake tsakanin uwa da ƴar fari akwai kunya, ko sunanta uwar ba ta kira, sai yarinyar ta bi ta hannun kakarta. Ta zauna kusa da tsohuwar ta buɗe mata hotuna a waya.

"Kaka, ki taya ni faɗa wa Mama, ni ba na son jere. Ga irin ɗakin da nake so."

Tsohuwa ta ƙura wa hoton ido. Farin bango ne babu komai a jikinsa, sai kujerar katako ɗaya an yafa mata bargo, da ƙaramin tebur, da tukunyar fure a bakin taga.

"Kishiya, su waɗannan sata aka yi masu, ko kuwa tashi suke yi?"

Duk da haka ta isar da saƙon. Uwar tana tsaye bakin kasko, ba ta ko waiwayo ba. Ta ce, "Inna, ki gaya wa yarinyar nan ni ban mutu ba tukuna." Domin a saninta, amaryar da aka kai ɗaki babu jere, marainiya ce.

Hotunan da suka ta da wannan zance na irin tsarin ɗakunan ƙasashen Sikandinebiya ne, wato Suwidin da Norwe da Danmak, kuma shi ma wannan salo yana da tarihinsa. A 1899, shekarar da ta'asar rundunar Voulet da Chanoine ta ƙare a Maijirgi, wani mai zane ɗan Suwidin, Carl Larsson, ya fitar da littafin hotunan gidansa da ke ƙauyen Sundborn. Gidan kuwa mahaifin matarsa Karin ne ya ba su shi a 1888, kuma ita Karin ce ta saƙa labulaye da shimfiɗu, ta tsara wasu kujerun, suka gauraya tsofaffin kaya da sababbi cikin ɗakuna masu haske. A wannan shekarar dai marubuciya Ellen Key ta fitar da ɗan littafinta mai kira ga cewa kyawun gida haƙƙin kowa ne har da talaka, kuma ana samun sa ta hanyar sauƙi da amfani. Masassaƙan Danmak irin su Hans Wegner suka ɗora a kai, baje kolin da ya zagaya Amurka da Kanada tsakanin 1954 da 1957 ya sanar da duniya, kamfanin IKEA, wanda Ingvar Kamprad ya kafa a 1943, ya mayar da salon abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saye. Mutanen Danmak suna da kalma, hygge, da suke nufin natsuwar zama cikin ɗumi tare da na kusa, ga kyandir, ga bargo, ga abin sha mai zafi.

Kowane ɗaki amsa ne ga ƙasar da aka gina shi. A birnin Stockholm, yinin watan Disamba bai wuce kimanin awa shida ba, shi ya sa suke fente bango fari, su buɗe manyan tagogi, domin ɗan hasken da ya samu ya yaɗu. Mutumin Tasawa kuwa gudun rana yake yi. Jin daɗin ɗakinsa shi ne inuwa, da bango mai kauri, da ƴar taga, da randa mai sanyi a lungu, da ƙamshin turaren wuta. Farin labulen da ke shekara fes a Suwidin, mako guda na hunturu ya ishe shi ya rine. Kyandir ɗin da ake kunnawa a can don nishaɗi, a nan alamar ɗauke wuta ce, kamar yadda aka gani a watan Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar lantarki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli.

Amma ba ƙura ce ta hana uwar barci ba, kuma ba gorin dangin ango kaɗai ba ne. Ita ta san abin da jere ya yi mata. Damanar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da fara, shekarar 2005 ta zo wa ƙasar Maraɗi da yunwa, kuɗin tiyar gero ya ninka. Mijinta ya tafi Nijeriya neman abin da zai aiko, aike ya yi jinkiri, rumbu ya ƙare tun ba a yi noman farko ba. Sai ta kira dillaliya. Ta fara da ƙananan kwanukan sama, ta sauko layi layi, har ta kai ga babbar fanteka da goggonta ta ba ta. Kowane kwano ya fita ya komo da gero ko masara, har Allah ya kawo sabon hatsi, ba ta binne ɗa ko ɗaya ba. Haka uwarta ta yi da tasoshinta a yunwar 1984, wadda ake kira El-Buhari. Saboda haka a idon wannan mata jere rumbu ne na biyu, wanda ɓera ba ya ci, kuma mabuɗinsa yana hannun mace. Kai ƴarta ɗaki da bango fayau, a wurinta, daidai yake da tura ta tafiya babu guzuri.

Mutanen Suwidin ma sun san wannan lissafi a da. Sun sha yunwa mai tsanani tsakanin 1867 da 1869, kuma daga tsakiyar wancan ƙarni zuwa 1930 fiye da mutum miliyan ɗaya daga cikinsu suka yi ƙaura zuwa Amurka. A ƙauyukansu budurwa takan yi shekaru tana saƙa tana tarawa cikin akwatin katako mai fenti, wanda ake rubuta haruffan sunanta da shekara a jikinsa, da shi za a kai ta gidan miji. Abin da ya rage wa akwatin nan nauyi shi ne banki, da albashi, da inshora, da hukuma mai kama wanda ya faɗi. A 1913, shekarar da yunwar Kakalaba ta fara cin ƙasar Hausa, Suwidin ta kafa dokar fansho ga dukan jama'arta. Yau akwatin kakarsu ya zama abin ado, ana ɗora masa fitila. Matar da ke cikin hoton waya tana iya zama da kujera ɗaya domin dukiyarta tana wani wuri da hoton bai nuna ba.

To amma ita ma yarinyar ba wauta ta kawo ba. Shekarunta shida a 2005, kuma tana tune da shatin kwanuka da ya rage a bangon uwarta, tana kuma tune da yadda dillaliya ke taya kaya a wulaƙance, domin ranar da kowa ke sayarwa babu mai saye da daraja. Ta ga uwayen da suka jinginar da gona, ko suka ci bashin da ya kai su shekaru, don kada a yi masu dariya kwana ɗaya. Ta ga tangaran da ba a taɓa cin tuwo a ciki ba, sai wanki da goga duk mako, kyankyasai na kwana a bayansa. Ita da mijin da za ta aura ma'aikatan gwamnati ne, ɗaki ciki da falo za su kama haya, kuma ko yaushe takardar canjin wurin aiki na iya zuwa. Kabad mai gilashi kuwa ba ya son hanyar yashi bisa amalanke. Malamai ma sun daɗe suna wannan magana, musamman tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, suna kiran tsadar kayan aure almubazzaranci. Adeline Masquelier, wadda ta yi bincike a Dogon Dutsi, ta rubuta yadda iyaye mata suka toshe kunnensu ga wannan wa'azi, domin a ganinsu mutuncin ƴaƴansu ake so a rage.

Ta bakin kaka dai gardamar ta ci gaba, yau ta kai wannan, gobe ta komo da waccan. Yarinya ta ce kwano ba ya haihuwa, gara tunkiya. Uwa ta ce tunkiya tana mutuwa, kuma ita ma ranar yunwa ba ta da kuɗi. Yarinya ta ce to a ba ta kuɗin ta ajiye. Uwa ta yi dariya, ta ce kuɗi a hannun sabuwar amarya ƙanƙara ce a rana: yau miji ya ranta, gobe ƙanensa ba shi da lafiya, jibi suna. Kwano kuwa, namiji yana jin kunyar a gan shi ya fito da shi daga ɗakin matarsa. Wahalar sayar da shi ita ce tsaronsa.

Abin da ya sassauta zancen wani akwati ne da uwar ta fi ƴarta saninsa. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, ta hannun wata ma'aikaciyarta ƴar Norwe, Moira Eknes, bisa tushen adashin da matan ƙasar suka riga suka iya. Mata sukan taru duk mako, kowa ta zuba abin da aka yanka cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku daban, mai bukata ta ranta ta biya, ƙarshen zagaye a raba. Tsarin ya bazu cikin Nijar, ya ƙetara ƙasashe da dama. Uwar amarya ta shiga irin wannan asusu bayan 2005, da shi ta sake tayar da jarinta. Da kaka ta tuna mata, sai ta yi shiru, domin ta san akwatin ma yana da abin nan da take yabon kwano da shi: hannun miji ba ya kai gare shi.

Ita kuma tsohuwar, garin kai saƙo da komowa, ta saba da hotunan har ta fara ganin abin da ke cikinsu. Wata rana ta sa yatsa bisa gilashin wayar.

"Ke, wannan ba akushi ba ne? Wancan na bango kuma ai faifai ne."

Haka ne kuwa. Masu wannan salo suna girmama tsohon katako da hannu ya goge, da kwando, da tabarma, da saƙar hannu, kuma suna biyan kuɗi mai yawa a kansu. Abin da ƴan birni suka yar suka kira ƙauyanci, shi ne aka rataye a tsakiyar farin bango. Tsohuwa ta tashi ta jawo adudunta. A ciki akwai akushin mijinta marigayi, baƙi wuluk yana sheƙi, da ƙorai uku masu zane, ɗaya da ɗinkin gyartai a gefenta, da luru mai ratsin baƙi da fari. Su ne suka tsira daga El-Buhari, don a lokacin babu dillaliyar da ta taya su. Saura kuwa ba a nesa suke ba: kwarin Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Mayahi da ta Tasawa, cike yake da goriba, kuma matansa har yau suna saƙa tabarmi da faya-fayai da kaba, suna kai su kasuwa.

Ranar jere, goggonni suka shafe ɗakin da farar ƙasa, abin da dama mata suka saba yi gab da salla. Bango uku aka bari fari. A ɗaya aka rataye faya-fayai biyar, aka ɗora akushi da ƙorai bisa wani ɗan katako. Aka shimfiɗa lurun bisa sabuwar katifa, tabarmar kaba a ƙasa, fitilar sola a bakin taga, kula biyu na kai abinci wurin aiki a lungu. Bango na huɗu kuwa uwa ba ta saki ba: ƙaramin kabad ne, cike da tangaran da samira, an jera su yadda aka gada. Rabin kwalayen da suka rage ta sayar wa wata maƙwabciya mai shirin aurar da tata ƴar. Da kuɗin aka sayi tumaki biyu, aka damƙa wa kaka kiwonsu a gaban shaidu da sunan amarya, abin da ya saura ya zama zubinta na farko a asusun matan garin da take aiki.

Ƴan ganin ɗaki sun rabu biyu. Wata gwaggon ango ta bi bango uku da kallo, ta ce Allah ya sa alheri, da irin muryar da kowa ya gane. Wasu ƴan mata kuwa suka yi ta ɗaukar hoto, suna tambayar inda ake sayar da irin wannan akushi, aka ce masu ba na sayarwa ba ne. Uwar amarya, kamar yadda al'ada ta tanada, ba ta je ba. Da ƙanwarta ta komo da dare, tambaya ɗaya ta yi mata: "An dai ga kabad ɗin ko?" Ƙanwar ta ce, "An gani, Yaya, har an ƙirga."

Tana da wata ƴar, mai shekara goma sha biyu, kuma kwalayen ƙarƙashin gado ba su ƙare ba. Ranar kasuwa, in ta sayar da manta, takan tsaya gaban mai kwanuka da kuɗi ɗaure a haɓar zane, ta ɗaga murfi ta ƙwanƙwasa, ta tambayi kuɗi. Wani makon ta saya. Wani makon ta mayar da murfin, ta wuce da kuɗinta zuwa wurin zubi.